Hoton Lemu a Jikin Robar Guba

Mai kanti ya rantse, ya sake rantsewa, shi dai abin sha ya gani. Kuma duk wanda ya dubi robar da ke hannunsa ya san bawan Allahn nan ba ƙarya yake yi ba.

Yana tsaye a tsakiyar ɗakin da Yaya take haɗa kayan wanki da na goge-goge, tsakanin manyan durori da tulin kwalaye, gumi na bin haɓarsa. Matan da ke yi mata aiki sun saki mazurari sun yi cirko-cirko. Yaya kuwa ta zauna a kan bokitin da aka kife, ta dafe kai. A haka ƙanwarta Auta ta same su. Kiran da aka yi mata a waya gajere ne, "Zo yanzu," ta baro kwamfutarta a kunne a shagon buga takardu inda take aikin tsara zane, ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba.

"Sake faɗa mata," in ji Yaya, ba ta ko ɗago ba.

"Direbanku ne ya sauke min katan ina tsakiyar ciniki," in ji mai kanti. "Na farke, na ga hoton lemu a yanke, har da raɓa a jikinsa. Roba irin ta jus, murfi irin na jus, ruwan ciki ma launin jus. To me zan yi? Na jera a firij. Da rana ta take, wani birkila ya sauko daga ginin da ke kallon kantina, ƙishi ya ci ƙarfinsa, ya buɗe firij da hannunsa yadda ya saba kullum. Sanyi ya danne warin. Kafin harshensa ya gaya masa, ya haɗiye ya sake haɗiyewa."

Abin da ke cikin robar ruwan wanke masai ne mai asid, irin wanda ke narkar da dattin shekara da shekaru daga jikin tangaran. Yaya tana ɗiga masa turaren lemu da ɗan launi don matan gida su so shi.

"Yana raye?" in ji Auta.

"Da na baro asibiti dai yana numfashi."

Auta ta karɓi robar. Aikinta ne, ita ta tsara sitikar da ke jiki. Lemu ya cinye fiye da rabinta. Sunan kayan yana can sama da wani rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar sawun tsutsa. A ƙasa ga jerin lambobin waya, ga tambarin Yaya, ga fatan alheri ga masu saye. Sai da ta juya robar, ta kawo ta dab da hancinta, sannan ta gano gargaɗin: kada a sha, a ɓoye daga yara. Rawaya ne a kan ruwan goro, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Ita da ta rubuta shi ma sai da ta ƙanƙance ido.

Ba haka ta fara tsara ta ba, wannan kam Allah shaida ne. Ta farkon farar takarda ce, hoton masai yana ƙyalli a tsakiya, suna da manyan baƙaƙen haruffa, gargaɗi a cikin jan layi mai kauri. Sai Yaya ta zo shagon, ta jawo kujera ta zauna a bayanta, ta sa yatsa a fuskar kwamfuta.

"Wannan ai takardar asibiti ce. Wa zai sayi abu da hoton masai a kai? Sa lemu, tunda ƙamshinsa ke nan."

"To, Yaya."

"Ƙara masa girma. Yauwa. Tambarina ma ya yi ƙanƙanta. Sa lambata ta biyu, ta farkon ba ta cika shiga ba. Sa ta direba. Wannan filin da kika bari fari kuma na mene ne, kyauta ake ba mu takardar? Cike shi. Rubutun nan ya ƙame kamar soja, nemo mai ɗan yanga."

Kowane abu da aka ƙara sai ya ture wani. Jan layin ne ya yi ta matsawa gefe, yana rama, har Yaya ta ce jan yana ɓata wa lemun kyau, a mai da shi rawaya.

Abin haushin, Auta ta san aikinta. Ta san ido ba ya karanta takarda daga sama zuwa ƙasa, abu ɗaya yake fara cafka, kuma abin da ya cafka shi yake kai wa ƙwaƙwalwa. Ta sha yi wa masu shagon ɗinki da masu makaranta faɗa a kan cunkusa rubutu, har ana ce mata mai tsaurin ido. Amma wannan Yaya ce. Ita ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta bar makaranta ta riƙa yawon tallar sabulu gida-gida don Auta ta yi karatu. Kwamfutar da ake zanen ma ita ta saya. Tun tasowarta Auta ba ta taɓa ce mata a'a ba, bakinta bai san hanyar ba. Ga shi kuma a fuskar kwamfuta sitikar ta kai girman faranti, gargaɗin yana karantuwa sarai. Ba ta buga ko guda ta manna a jikin roba ta gani ba. Kai, ko robar ma ba ta nemi a nuna mata ba. Ta ɗauka irin mai lanƙwasasshen wuya ce ta wankin banɗaki, ashe Yaya a wajen masu sayar wa 'yan jus ta saro, don ta fi araha.

Da mai kanti ya tafi, Yaya ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"Kanti nasa ne, firij nasa ne. Mu dai mun rubuta kada a sha."

"Yaya, ba ya ganuwa."

"An rubuta ko ba a rubuta ba?"

Auta ta dubi kwalayen da suka kusa taɓa rufi. "Irin waɗannan nawa ne a waje?"

"Ina zan sani? Gari ya ɗauka."

Daga wannan lokacin abu ɗaya ne ya tsaya wa Auta a rai, shi take kwana da shi take tashi da shi: lemun nan ya sauka daga jikin robobin nan kafin wani ya sake kai ɗaya baki.

Washegari ta je asibitin. Ba wanda ya aike ta, ƙafarta ce ta kai ta. Birkilan yana gadon da ke kusa da taga a ɗakin maza, ƙato ne, kafaɗunsa sun cika gadon, siminti ya farfasa masa tafin hannu. An zura masa siririn bututu ta hanci. Leɓɓansa sun yi fari sun ɗaye. Ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa, matarsa ce zaune da tsumma tana goge masa gefen baki. Ta ɗauka Auta dubiyar na gadon kusa ta zo, ta matsa mata a benci.

"Sannu da jinya," in ji Auta.

"Yauwa, 'yar'uwa. Likita ya ce ya ƙone tun daga maƙogwaro har ciki. Wai ko ya warke hanyar za ta tsuke, ƙila sai an huda masa ciki a riƙa zuba masa abinci ta nan." Ta yi wata 'yar dariya. "Mutumin da yake share kwano ya leƙa tukunya ya ce ko da saura." Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta koma kuka, ta toshe baki da gefen mayafi don kada ya ji.

Birkilan ya ɗaga hannu ya dafa gwiwarta.

"Na san ƙaddara ce," in ji matar da ta samu numfashi. "Amma abin da ya tsaya min, mutum da hankalinsa ya zauna ya zana lemu a jikin guba. Shi ba shi da 'ya'ya ne? Ba shi da wanda yake jin ƙishi a gidansu?"

Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe Auta. Da ƙyar ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta fita. A bakin famfon da ke tsakar asibitin ta durƙusa ta amayar da abin da ta karya da shi.

Daga can shago ta wuce. Ta buɗe sabon shafi fari fat. Wannan karon ba ta fara da tambayar me zai yi kyau ba, ta fara da me take so ido ya fara cafka. Ta sa hoton masai babba a tsakiya, yadda ko daga tsallaken titi za a san inda kayan yake aiki. A ƙarƙashinsa jan layi mai faɗin yatsa biyu, da ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a giciye, da gargaɗi fari ƙal a kan ja. Salon rubutu biyu kacal, masu tsayuwa da ƙafarsu. Lambar waya ɗaya. Tambarin Yaya ya koma kusurwa, inda ya dace da shi. Sauran filin ta bar shi fari, ya sha iska. Ta roƙi mai injin buga takardu na shagon ya buga mata guda ɗaya daidai girman da za a manna, ta yanka ta liƙa a jikin roba.

Akwai wata tsohuwa da ke share musu shago, ba ta taɓa shiga aji ba. Auta ta je can ƙarshen shagon ta ɗora tsohuwar robar a kan kanta.

"Inna, daga nan inda kike, mene ne wannan?"

Tsohuwar ta jingina tsintsiya ta hango. "Abin sha ne mana. In sadaka za ki yi, miƙo, maƙogwarona a bushe yake."

Mai inji ya fashe da dariya. Auta ba ta yi ba. Ta sauke ta, ta ɗora sabuwar.

"Wannan fa?"

"Kai! Na wankin bayi ne, ga kan mutuwa ma a jiki. Yi nesa da ni da shi."

Gwajin da bai kai tsawon gaisuwa ba ke nan. Shi ne wanda ba ta yi ba tun farko.

Yaya ba ta yi gardama ba da aka kai mata. Tsoro bai sake ta ba tukuna, don an kira mai kanti an yi masa tambayoyi, ita ma an ce ta zauna cikin shiri. Ta juya sabuwar sitikar a hannu ta taɓe baki. "Yi yadda kika ga dama." Ta yarda a mai da ruwan shuɗi. Robobin kuwa ta ce sai waɗanda ta saro sun ƙare. Auta ta goge tsohon zanen daga kwamfutarta, ta tattara ragowar sitikun da ke shago ta cinna musu wuta a bayan gini.

Sannan ta ɗauki hutu a wajen aiki ta shiga motar direba, kanti-kanti, lungu-lungu. Wani ya ce sun ƙare tuntuni. Wani ya ce kada ta taɓa masa kaya, sai da ta ba shi labarin birkila jikinsa ya yi sanyi. A wani ƙaramin kanti kusa da makarantar yara ta same su a jere tsakanin biskit da madarar kwali, ta kwashe su da hannu biyu tana salati. Ta yi ta ɓare tsofaffi tana manna sababbi har faratanta suka karye, gam ya cinye mata fatar yatsu. Waɗanda 'yan sari suka loda zuwa wasu garuruwa kuwa, sai dai addu'a. Duk da haka, ranar da suka gama zagayen ta ji numfashinta ya sauka har ciki.

To, ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Kaya suka fara dawowa. Direba zai fita da mota cike ya dawo da ita kusan yadda ya fita. Masu kanti suka ce mata ba sa son mai kan gawa, suna cewa a kawo musu mai lemun nan. Wasu suka ce an canza kayan ne, na da ya fi ƙarfi, alhali duro ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Ana haka wani ya shigo kasuwa da nasa mai hoton furanni, ya kwashe rabin masu sayen. Yaya ta sallami wasu daga cikin matan da ke mata aiki. Ɗaya daga cikinsu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka tana cewa ko rabin lada ne a bar ta. Yaya ta rame, wuyanta ya fito. Gida ɗaya suke zaune da Auta, tana jin ta tana juyi tana tsaki a ɗaki. Birkila kuwa an sallame shi da bututu a ciki, an daina kiran kowa a yi masa tambaya, maganar ta bi iska kamar yadda magana take yi in wanda abin ya sama talaka ne.

Wata rana da hantsi Yaya ta shigo shagon. Ta jawo kujera ta zauna a bayan Auta, ta sa yatsa a fuskar kwamfuta.

"Ɗan ƙarami za ki sa min. Nan gefe. Yanki ɗaya na lemu, don su gane kayana ne."

Auta ta riga ta san ranar nan za ta zo, ta yi tanadi. Ta buɗe mata wasu zane-zanen da ta shirya. Ga wanda aka rubuta "mai ƙamshin lemu" da manyan haruffa. Ga wanda banɗakin yake walƙiya, da tawul a rataye, gwanin sha'awa. Ta ce in aka samo roba mai lanƙwasasshen wuya kayan zai fi na mai furanni kwarjini a kan kanta, ita za ta tsara talla ta bango kyauta, ta sanar da mutane cewa kaya ɗaya ne, riga ya canza.

Yaya ta kawar da kai. "Wa yake karatu a kasuwa? Da ido ake sayayya."

"Shi ya sa ai, Yaya."

"Za ki sa ko ba za ki sa ba?"

Mai inji ya rage ƙarar injinsa.

"A'a, Yaya."

Kalmar ta fito a karkace, kamar ba da bakinta aka faɗa ba. Yaya ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Ni kike ce wa a'a? A kan kwamfutar da na saya miki da kuɗin tallar sabulu? Lallai wuyanki ya isa yanka. Mutum ɗaya ne ƙaddara ta faɗa wa, na ji, na yi baƙin ciki, Allah ya sani. Matan da na sallama fa? 'Ya'yansu da suke ci a hannuna fa, su ba mutane ba ne? Ke kina nan cikin fanka kina zane, ni nake kallon idonsu."

Abin da ya fi yi wa Auta ciwo ke nan: Yaya ba azzaluma ba ce. Mace ce da ta saba ɗaukar kowa a kanta, ta ga kayan suna zamewa. Ta tashi ta fita, ba ta mai da kujerar inda ta ɗauko ta ba.

Gidan ya koma kamar gidan makoki. Gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice. Sai kuma a hankali Auta ta ga abubuwa suna sauyawa. Yaya ta fara cin abinci. Matar nan mai marayu ta dawo aiki, ta zo har gida tana godiya. Direba ya daina zaman banza a ƙofar gida. Auta ta so ta yi murna, ta ce wa ranta ƙila mutane sun saba da sabuwar rigar. Ranar nan da safe Yaya ta miƙo mata kofin shayi, sai Auta ta ga gefen faratan Yaya. Launin da ya maƙale a jiki ba shuɗi ba ne. Ruwan goro ne.

Ba ta je shago ba. Ta bari Yaya ta tafi sarin kayan haɗi, ta nufi ɗakin aiki. Matan suna ganin ta suka sunkuyar da kai.

"Uwar ɗakinmu ta ce kada mu gaya miki," in ji mai marayun, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ga robobi nan a jere a ƙasa, layi bayan layi, ruwan ciki launin jus, lemu a jikin kowace. Auta ta ɗauki ɗaya. Nan take ta gane abin da aka yi. Yaya ta samu tsohuwar roba ta kai wa wani mai buga takardu, shi kuma ya ɗauki hoton sitikar da waya ya buga haka nan. Komai ya dushe, gefen haruffa ya yi gashi-gashi. Lemu dai lemu ne, ko ya dushe ido zai gane shi. Amma gargaɗin, wanda da ma da ƙyar ake ganinsa, ya narke gaba ɗaya ya zama wani ɗan dabbare rawaya, kamar miya ta ɗiga. Ko da tabarau ba mai karanta shi.

Ta zauna a kan bokiti ta jira. Da Yaya ta dawo, Auta ta durƙusa a gabanta a kan simintin da ya jiƙe, gaban ma'aikata, ta kama ƙafarta.

"Don Allah, Yaya. Don darajar mahaifiyarmu. Na ga mutumin nan da idona, ko yawunsa ba ya haɗiyewa."

"Na gaya wa direba ya riƙa faɗa wa masu kanti da baki."

"In mai kanti ba ya nan fa? In matarsa ce a kantin? In an kai gida an ajiye a ƙasa, yaro ya rarrafo?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Tashi ki ba ni wuri, mota tana jira."

Masu iya magana sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne. Amma ba su faɗi yadda za ka yi ba in hannun naka ne yake miƙa wa mutane guba. Auta ta yi ta yawo a titi da robar a cikin jaka, rana na dukanta, ba ta san inda take sa ƙafa ba. Ta wuce ƙofar ofishin masu duba kayan masarufi, ta dawo, ta sake wucewa. Tana son Yaya fiye da kowa a duniya, kuma ta san in ta shiga ƙofar nan ta rasa ta. Ta shiga. Ta ajiye robar a kan teburin wani jami'i mai furfura, ta ce masa ya gaya mata abin da ya gani.

Washegari da safe jami'ai suka zo da mota biyu. Auta tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin aikin, don ta ga bai kamata ta ɓuya ba. Aka fito da matan waje, mai marayun tana rusa kuka tana tambayar me za ta gaya wa yara. Aka yi ta loda kwalaye. Maƙwabta suka cika layin, masu leƙe ta taga suna yi. Yaya tana tsaye ƙyam, ba ta yi ihu ba, ba ta roƙi kowa ba.

"Iyakarsu ke nan?" jami'in ya tambayi direba.

Direba ya sosa ƙeya. "Jiya da yamma na kai lodi ɗaya tasha, ranka ya daɗe. Wani ɗan sari ne ya saye duka, ya haɗa da kayansa a babbar mota."

"Wane gari?"

"Wallahi ban tambaya ba."

Jami'in ya girgiza kai, ya sa aka ja ƙofar aka datse da kwaɗo, aka manna jar takarda a kai. Sannan ya ɗaga roba ɗaya sama ya juyo wajen Yaya.

"Wa ya tsara wannan zanen tun asali?"

"Ni ce," in ji Auta.

Ya dube ta, ya gane ta, bai nuna ba. Amma Yaya ba yarinya ba ce. Ta ga kallon, ta ga yadda Auta ta kasa ɗaga ido, ta fahimci wanda ya nuna musu hanya. Fuskarta ba ta motsa ba.

"To ke ma za ki biyo mu ki ba da bayani," in ji jami'in. Ya nuna ta da baki yana tambayar Yaya. "Mece ce ita a wajenki?"

Duk wanda ke wurin ya san amsar, wasunsu sun ga lokacin da ake goya ta a wuce da ita talla.

"Ba komai," in ji Yaya. "Aiki na ba ta, ta yi."

Aka buɗe musu bayan mota. Yaya ta fara shiga, Auta ta bi ta. Kujerar ba ta da faɗi, kwalaye sun cinye rabinta, dole suka matsu. Da motar ta tashi, gefen mayafin Yaya ya faɗo a kan gwiwar Auta. Yaya ta sa yatsa biyu ta janye shi, ta tattare a cinyarta, ta mai da fuskarta wajen taga.